Daga motar yara zuwa gasar Cup: yadda matashin direba ke hawa a NASCAR

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da iyalina a jihar North Carolina ta Amurka. Ɗana mai shekara tara ya kamu da son tseren motocin NASCAR, ba shi da zance sai wannan, wai shi ma sai ya tuƙa. Ta ina yaro ke farawa, matakai nawa ne kafin babbar gasa, kuma shekara nawa abin ke ci?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya raya mana yaron, ya yi masa albarka.

In dai wannan sana'a ce, ka zauna a inda ya dace. Kusan duk manyan ƙungiyoyin NASCAR garejinsu na kewayen birnin Charlotte ne: Hendrick Motorsports a Concord, Team Penske a Mooresville, Joe Gibbs Racing a Huntersville. Akwai iyalan da ke tattara nasu ya nasu daga jihohi masu nisa su dawo yankin saboda yaro ɗaya kawai.

Matakan ba su da wuyar lissafi. Shekarun ne ba wanda zai yanke maka. Ga mutum biyu da aka haifa a shekara ɗaya, 1990: Joey Logano da Josh Berry. Logano ya ci tserensa na farko a babbar gasa, wadda ake kira Cup, a 2009 yana ɗan shekara 19. Berry bai ci nasa ba sai a Maris na 2025, yana da shekara 34. Da labarin su biyun zan amsa maka, domin abin da ya raba su shi ne abin da iyaye ba su cika lura da shi ba. Gudun yaro kashi ɗaya ne cikin uku. Akwai kuɗi da lokacin da kujera ta samu, sannan akwai tambayar ko ya gama koyon abin da matakin da yake kai ke koyarwa kafin a ɗaga shi gaba.

Sai ka fara sanin irin motar. Bill France ya kafa NASCAR a 1948 a Daytona Beach ta jihar Florida, kuma a farko da motocin kasuwa ake tseren, irin waɗanda kowa ke saya. Da yawa cikin direbobin farko wajen safarar barasar da ake dafawa a ɓoye suka koyi gudu. Junior Johnson na gundumar Wilkes, nan jiharku, har gidan yari ya shiga a kan haka. Yau jikin motar ne kawai ke kama da Camry ko Mustang. Cikinta kejin ƙarfe ne da injin V8, nauyinta ya kusa tan ɗaya da rabi, kuma ƙarfin injin ya fi abin da tayoyin za su iya riƙewa. Duk karatun direban NASCAR a nan ya taru: mota mai nauyi, taya mai cinyewa, da motoci kusan 40 a jikinka na tsawon awa uku ko huɗu.

A da ma ba yara ke tuƙa su ba. Dale Earnhardt ya yi cikakkiyar kakarsa ta farko a 1979 yana neman shekara 28, Harry Gant kuwa a wannan shekarar yana da 39. Jeff Gordon ne ya canza lissafi. Iyayensa sun bar California zuwa Indiana don a bar shi ya yi tsere da manya tun yana ƙarami, ya shiga Cup a ƙarshen 1992 yana da shekara 21, ya ɗauki kambu a 1995 yana da 24. Daga nan masu ƙungiyoyi suka shiga farautar yara, kuma Logano na cikin waɗanda farautar ta kama.

Matakin farko shi ne na ɗanka. Akwai ƙananan motocin da ake kira quarter midget, waɗanda yara ke tuƙawa daga shekara biyar zuwa sha shida a ɗan ƙaramin fili. Akwai kart, motar da ba ta da jiki sai ƙarfe da kujera da ƙaramin inji. Daga wajen shekara takwas akwai Bandolero, gaba da ita kuma Legends, wadda aka fara a Charlotte a 1992: an ƙera ta a siffar motocin shekarun 1930 amma an rage girmanta, an sa mata injin babur na Yamaha. Kowace bazara ana yin gasar Summer Shootout a ɗan filin da ke gaban 'yan kallo a Charlotte Motor Speedway, kuma yara daga ko'ina a Amurka na zuwa. Logano ya fara da quarter midget a Connecticut yana ɗan shekara shida, sannan iyalinsa suka koma Georgia inda ya hau Bandolero da Legends. Abin da ake koyo a nan shi ne tutoci da ma'anarsu, yadda ake wuce mota ba tare da an taɓa ta ba, da sarrafa totur. Legends gajeriya ce mai saurin juyewa, wanda ya taka ta da ƙarfi a tsakiyar kwana sai ya tsinci kansa yana kallon inda ya fito.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi ba muhimmanci, kuma shi ne aka fi yi wa tsallake. Motocin da ake kira late model ne, cikakkun motocin tsere masu injin V8, waɗanda ake fafatawa da su daren Asabar a ƙananan filayen garuruwa irin su Hickory a jiharku, da South Boston da Langley a Virginia. Zagayen Hickory bai kai rabin mil ba. A nan yaro ɗan sha huɗu ko sha biyar zai fara haɗuwa da mutanen da suka haife shi: masu gyaran famfo, masu gareji, manoma, waɗanda suka shekara ashirin suna zagaya wannan fili ɗaya, sun san kowane tsagi da ke jikin kwaltar. Ba sa neman zuwa Cup, kuma ba sa jin kunyar tura yaro bango in ya yi musu rashin ladabi a kwana. Da kuɗin aljihunsu suke gyara motar, shi ya sa wanda ya lalata musu ita ba sa mantawa.

Abu uku yake koyo a hannunsu. Na farko tanadin taya. A tsere mai zagaye 150 a tsohuwar kwalta mai kaushi, wanda ya fita da dukkan ƙarfinsa zai yi gaba a zagaye 30 na farko, sannan tayarsa ta dama ta baya ta ƙone, tsofaffin nan su zo su wuce shi ɗaya bayan ɗaya kamar yana tsaye. Sai ya koyi tafiya a hankali da gangan, ya bar wasu su wuce, ya ajiye taya don zagaye 20 na ƙarshe. Yaro mai zafin jini wannan ya fi masa komai wuya.

Na biyu shi ne magana da shugaban makanikansa. Motar tsere a fili mai siffar ƙwai matsala biyu take yi: ko dai gabanta ya ƙi shiga kwana yana son miƙewa zuwa bango, ko bayanta ya riƙa zamewa yana neman riga gaban. Cewa "motar ba ta da daɗi" ba ya amfanar kowa. Ana so ya ce a ina: wajen shiga kwanar, ko tsakiyarta, ko wajen fita lokacin da ya mayar da ƙafa kan totur, kuma yaya abin ke canzawa in taya ta yi zafi ko rana ta faɗi kwalta ta huce. Da wannan bayanin ne makaniki zai san ko iskar taya zai rage, ko sifirin zai canza, ko nauyin da ke kan wata ƙafar motar zai matsar. Na ga yara masu baiwa da yawa da suka tsaya cak a matakan sama saboda wannan kaɗai: a ƙasa an ba su mota mai kyau sun ci, a sama aka tambaye su me motar ke buƙata suka rasa amsa.

Na uku shi ne aikin hannu. Yaron da ya kwana a gareji yana buga ƙarfen da ya lanƙwasa ranar Asabar ba zai sake cusa hancin motarsa inda ba ta shiga ba. Abin ya yi kama da yaron mota a tasha: wanda ya shekara yana wanke mota, yana canza taya, yana zaune kusa da maigidansa yana kallon yadda yake bin hanya, daban yake da wanda aka miƙa wa makulli rana ɗaya.

A wannan matakin ne kuma ake ganin mutum. Kowane Disamba ana yin tseren Snowball Derby a filin Five Flags da ke Pensacola ta Florida, kuma manyan direbobin Cup kan sauko su shiga. Chase Elliott ya ci shi a 2011 yana ɗan shekara 16. A 2012 wani yaro daga Michigan mai suna Erik Jones, shi ma ɗan 16, ya yi kafaɗa da kafaɗa da Kyle Busch, babban direban Cup, a zagayen ƙarshe-ƙarshe ya kayar da shi. Busch ya ɗauke shi aiki a ƙungiyarsa, kuma a 2015 Jones ya zama zakaran gasar motocin a-kori-kura ta NASCAR. Akwai kuma gasar late model ta CARS Tour da ke zagaya filayen yankinku, wadda Dale Earnhardt Jr. da Kevin Harvick da Jeff Burton da Justin Marks suka saya a 2023. Masu ido a sana'ar suna kallonta sosai.

Mataki na uku ARCA ne, tsohuwar gasa daga Ohio da NASCAR ta saya a 2018. Ana shiga daga shekara 15 a ƙananan filaye, manyan kuwa irin Daytona da Talladega sai an cika 18. Amfaninta shi ne a nan yaro ke fara ɗanɗana manyan filaye, da tsere a talabijin, da sauraron mai hango masa hanya daga saman rufin 'yan kallo yana gaya masa ta rediyo ko akwai mota a gefensa. A ganina cin tsere a ARCA ba ya nuna abu mai yawa, domin motoci kaɗan ne masu ƙarfi a ciki, kuma wanda ya biya kuɗin zama a ɗayansu zai yi gaba ko da bai fi kowa ba.

Daga nan sai gasa uku na Amurka baki ɗaya, ta samansu ita ce Cup. Ta ƙasa ita ce ta motocin a-kori-kura, Craftsman Truck Series, wadda aka fara a 1995. Ɗan shekara 16 na iya shiga a filayen da ba su wuce mil 1.25 ba da kuma masu kwane-kwane hagu da dama, sauran sai ya cika 18. Dokar shekaru tana da labari. A 2001 Kyle Busch na ɗan 16 yana tuƙa wa ƙungiyar Jack Roush, sai aka hana shi tsere a Fontana ta California saboda kamfanin sigari na Marlboro ne ke ɗaukar nauyin babban tseren wannan makon, kuma yarjejeniyar da kamfanonin taba suka sa wa hannu ta hana yara shiga. Bayan nan NASCAR ta mayar da ƙa'ida shekara 18, sai daga baya ta sassauta wa a-kori-kura. Abin da ake koyo a nan iska ce. A gudun da ya wuce kilomita 250 a awa, motar da ke gaba tana kwashe iskar da ke danne ta bayanta a ƙasa, sai wadda ke bi ta rasa riƙo a kwana. Wanda ya saba da Hickory, inda birki da totur ne komai, sai ya sake sabon karatu: ina zai sa hancin motarsa ya sami iska mai kyau, yaya zai matso gefen abokin hamayya ya rage masa gudu ba tare da ya taɓa shi ba. A Daytona, mai mil 2.5, da Talladega, mai 2.66, kowa na taka totur har ƙasa duk zagayen, motoci na tafiya a dunƙule suna tura juna, kuskuren mutum ɗaya kan kwashe motoci goma sha.

Ta tsakiya ita ce wadda aka sani da Busch, sannan Nationwide, sannan Xfinity, daga 2026 kuma O'Reilly Auto Parts. Sunan mai ɗaukar nauyi ne ke canzawa. Yawanci ranar Asabar ake yinta a filin da za a yi Cup ranar Lahadi, kuma wasu direbobin Cup kan shiga, don haka matashi kan auna kansa da su kai tsaye.

Yanzu mu koma kan Logano. Tun yana ɗan 15 Mark Martin, ɗaya daga cikin dattawan sana'ar, ya yabe shi a bainar jama'a, kuma Joe Gibbs, mai Joe Gibbs Racing, ya ɗauke shi. Ya ci kambun gasar yankin gabas a 2007. Ya cika 18 ranar 24 ga Mayu 2008, bayan mako guda ya shiga Nationwide a Dover, a tserensa na uku kuma, a Kentucky, ya yi nasara. Da an bi tsari, da ya yi kaka ɗaya ko biyu cikakku a nan. Sai Tony Stewart, wanda ya riga ya ci kambun Cup sau biyu, ya bar Gibbs ya tafi ƙungiyar da ya zama mai rabi a cikinta. Kujerar mota mai lamba 20 ta zama babu kowa, mai talla na jira, aka ɗora yaro ɗan 18 a kai a 2009. A Daytona 500 ta farko, wato babban tseren da ke buɗe kakar Cup, ya yi haɗari ya ƙare na ƙarshe. A Yuni ya ci tsere a New Hampshire, wanda ya sa ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa cin tseren Cup, amma ruwan sama ne ya tsayar da tseren yana gaba saboda bai shiga shan mai ba. Bayan wannan sai da ya jira har Yuni 2012 kafin ya sake ci, a Pocono, kuma Mark Martin ɗin nan ya wuce kafin ya ci. Nasara biyu a shekara huɗu, a motar da Stewart ya saba kai wa gaba. Abin lura shi ne a wannan 2012 ɗin ya ci tsere tara a Nationwide, wato baiwar tana nan. Cup ce ta fi ƙarfin abin da ya sani a lokacin: tsere mai tsawon mil 400 ko 500, har 600 a Charlotte, kaka mai tsere 36 daga Fabrairu zuwa Nuwamba, da makanikan da suka saba da direban da ke gaya musu daidai abin da yake so. A ƙarshen 2012 Gibbs ya ba Matt Kenseth kujerar. Logano na da shekara 22, mutane sun fara maganarsa kamar wanda ya gama.

Abin da ya cece shi ba shi ya shirya shi ba. An dakatar da direban mota mai lamba 22 ta Penske a tsakiyar 2012, kujera ta buɗe, Brad Keselowski, direban ƙungiyar, ya ba maigidansa Roger Penske shawarar ya ɗauki Logano. Ya zo wa Penske da gogewar shekara huɗu da wani ya biya kuɗinta. Ya ci tsere biyar a 2014, ya ci Daytona 500 a 2015, ya ɗauki kambu a 2018 da 2022 da 2024. Kada ka ɗauki wannan a matsayin abin da ya saba faruwa. Casey Atwood an ɗaga shi zuwa Cup a 2001 yana ɗan 20, cikin shekara biyu ya rasa kujerar, bai sake samun irinta ba. Trevor Bayne ya ci Daytona 500 a 2011 kwana ɗaya bayan ya cika 20, a tserensa na biyu a Cup, kuma ita ce nasararsa ta farko da ta ƙarshe a gasar.

Berry ya bi ta ɗaya ɓangaren. Ɗan Tennessee ne, ba daga gidan kuɗi ba, har aikin banki ya yi yana tseren Legends a gefe. Ta wasan tsere na kwamfuta a intanet suka san juna da Dale Earnhardt Jr., wanda ya ba shi late model ta ƙungiyarsa JR Motorsports a 2010. Shekara goma ya yi a wannan matakin, yana tuƙi yana kuma aiki a kan motocin da hannunsa, yana kallon yaran da suka zo bayansa suna wuce shi zuwa sama. Ya ci kambun CARS Tour a 2017. A 2019 ya ci babban tseren late model na Martinsville, inda ake ba wanda ya yi nasara dogon agogon katako, bai bar kowa ya shiga gabansa ko zagaye ɗaya ba. A 2020 ya zama zakaran ƙasa na tseren mako-mako. Duk wanda ke sana'ar ya san ya cancanta tun tuni, abin da ya rasa shi ne kamfanin da zai biya. Sai a 2021 ya sami rabin kaka a Xfinity, ya ci Martinsville a Afrilu. A 2023 Chase Elliott ya karye a ƙafa wajen wasan ƙanƙara, aka kira Berry ya riƙe masa mota, ya zo na biyu a Richmond. A 2024 ya gaji kujerar Kevin Harvick a Stewart-Haas, ƙungiyar ta rufe a ƙarshen wannan shekarar, ya koma Wood Brothers, ya ci Las Vegas a 2025.

Maganar kuɗi ke nan, kuma gara ka ji ta tun yanzu. A ƙwallon ƙafa ƙungiya ce ke biyan ɗan wasa. A nan, daga late model har zuwa Xfinity, yawancin kujeru direba ne ke zuwa da kuɗinsu, daga aljihun iyayensa ko daga kamfanin da zai manna sunansa a jikin motar. Cikakkiyar kaka a babbar ƙungiyar Xfinity miliyoyin daloli ce. Brett Moffitt ya ci kambun a-kori-kura a Nuwamba 2018, bayan 'yan makonni ƙungiyar ta sallame shi don tana buƙatar direba mai kuɗin talla. Ross Chastain, ɗan gidan manoman kankana a Florida, ya sha wuya shekaru a motocin da ba sa iya ci, ya sami babbar kujera don kakar 2019, sai jami'an FBI suka kai samame kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa a Disamba 2018, kujerar ta tafi kafin ya zauna. Bai ci tseren Cup ba sai 2022.

Akwai ƙofofin da ke rage wannan nauyi. Kamfanonin motoci, musamman Toyota, suna ɗaukar yara tun suna ƙanana su biya musu hanya. Christopher Bell daga tseren filin ƙasa a Oklahoma suka ɗauko shi. NASCAR ta kuma fara wani shiri a 2004 da sunan Drive for Diversity don mata da waɗanda ba fararen fata ba, kuma ta nan Kyle Larson da Bubba Wallace da Daniel Suárez ɗan Meziko suka bi. Suárez ya ci kambun Xfinity a 2016. Wallace, da ya ci Talladega a 2021, shi ne baƙar fata na farko da ya ci tseren Cup tun bayan Wendell Scott a 1963. Akwai ma Jesse Iwuji, hafsan sojan ruwan Amurka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da ya kai har Xfinity duk da ya fara a makare. Sannan ga kwamfuta. William Byron, ɗan Charlotte, a manhajar iRacing ya koyi tsere, bai hau motar gaske ba sai da ya kai wajen shekara 15. Daga Legends ya wuce late model a JR Motorsports, ya ci gasar gabas a 2015, tsere bakwai a a-kori-kura a 2016, kambun Xfinity a 2017, Cup a 2018. Shekara ɗaya-ɗaya ya yi a kowane mataki, amma ka lura bai bar ko ɗaya ba sai da ya ci a cikinsa, kuma duk da haka sai a kakarsa ta uku a Cup ya yi nasarar farko. Daga baya ya ci Daytona 500 a 2024 da 2025.

Ba ka yi tambaya kan haɗari ba, amma na san mahaifiyarsa za ta yi. Tsakanin Mayu 2000 da Fabrairu 2001 direbobi huɗu sun mutu a manyan gasannin NASCAR: Adam Petty, jikan shahararren direba Richard Petty, yana ɗan 19, sai Kenny Irwin Jr., da Tony Roper, da Dale Earnhardt a zagayen ƙarshe na Daytona 500. Raunin gindin ƙoƙon kai ne, wanda ke faruwa in jiki ya tsaya a ɗaure kai kuma ya ci gaba. A Oktoba 2001 aka wajabta na'urar da ke ɗaure hular kwano da kafaɗu, daga 2002 kuma aka fara sa wa filaye bango mai shanye ƙarfin karo. Tun daga Earnhardt ba a sake rasa direba a tseren gasa ukun nan ba. Ƙananan filayen garuruwa kuwa ba duka ke da irin wannan bango ba, kuma a can yara ke tsere. In za ka yi tsimi, yi shi a kan inji ko fenti. Kujera mai rungume jiki da kai, da hular kwano mai kyau, da na'urar wuya, da rigar da ba ta kama wuta, waɗannan a sayi sababbi daidai jikinsa.

Ga ɗan shekara tara, shawarata ita ce ka kai shi Summer Shootout ku zauna ku kalla, ku shiga wajen garejin ku ga yadda iyaye ke fama. In son bai huce ba, nemi kart ko Bandolero ta hannu, ku yi kaka guda ba tare da zancen kofi ba, shi ne kuma zai riƙa wanke ta yana duba iskar taya. Sitiyarin kwamfuta da iRacing sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma suna koyar da layin bi da haƙuri a cikin cunkoso. Kada ka ɗaga shi aji don shekarunsa sun kai, sai ka ga yana ci a inda yake kuma yana iya bayyana dalilin da ya sa ya ci. Kada a ci bashi ko a taɓa kuɗin karatunsa. In wani ya kawo takardar kwangila yana cewa zai gina shi, lauya ya karanta kafin ka sa hannu.

Kujerun da ke da tabbacin shiga kowane tseren Cup 36 ne kacal, kuma wanda ya zauna da kyau kan yi shekara goma sha biyar ko ashirin bai tashi ba, don haka 'yan kaɗan ne ke buɗewa a shekara. Da yawa daga cikin ƙwararru a matakan ƙasa suke yin rayuwarsu: Matt Crafton ya ci kambun a-kori-kura sau uku, a 2013 da 2014 da 2019, Justin Allgaier kuma ya gwada Cup ya dawo Xfinity, ya ɗauki kambunta a 2024 yana da shekara 38. Wasu kan sauka daga motar su koma ɓangaren makanikai. Rodney Childers direban late model ne kafin ya zama shugaban makanikan da ya kai Harvick ga kambu a 2014. Paul Wolfe ya tuƙa a gasar Busch bai yi nisa ba, ya koma shugaban makanikai, ya ci kambun Cup da Keselowski a 2012, sannan ya ci biyu da Logano a 2022 da 2024.